"Ai Zai Ruɓe": Uzurin Da Ke Toshe Kwatocin Kano

Tun da gwamnatin Legas ta haramta fararen kwanukan soso da ake zuba abincin sayarwa a ciki a watan Janairun 2024, sannan ta fara kama masu sayar da ledojin amfani-ɗaya-a-yar daga 1 ga Yulin 2025, zancen shara a bakin mutanenmu ya koma zancen leda kaɗai. A rediyo leda, a Facebook leda, a majalisar ƙofar gida leda. Ba ni da ja a kan cewa leda annoba ce. Abin da ya hana ni sakat shi ne wata fatawa da ta biyo ta bayan gida, wadda yanzu har masu ilimi ke furta ta ba kunya: wai duk abin da ke ruɓewa ba shara ba ne, saboda haka ba laifi a yar da shi a duk inda aka ga dama.

Makon jiya na hau A Daidaita Sahu daga Ƙofar Nassarawa zuwa Kabuga. Kusa da ni wani dattijo ne cikin farar shadda mai guga, yana shan rake da aka yayyanka masa a leda. Duk gaɓar da ya tsotse sai ya leƙa ya furzar da tukar a kan titi. Da muka wuce Ɗan'agundi na kasa haƙuri, na ce, "Alhaji, da ka tara a ledar nan ai ya fi." Ya dube ni cikin mutunci, ya ce, "Haba ɗana, wannan ai ba leda ba ce. Taki ne. Ƙasa za ta cinye abinta." Da raken ya ƙare, sai ya ninke ledar a tsanake ya sa a aljihu. Mutumin nan ba ƙazami ba ne, ya ji wa'azin leda ya kuma karɓa. Rabin darasi aka ba shi, shi kuwa ya ɗauka ya sauke.

Wace ƙasa ce za ta cinye? A inda ya tofar da tukar nan kwalta ce, gefenta siminti, ƙarƙashin simintin kwata. Ruɓewa ba ta faruwa don an ambaci sunanta. Aiki ne da ƙananan halittu ke yi, su gara da tana da ƙwayoyin da ido ba ya gani, kuma sai da danshi da iska da ƙasar da za su zauna a ciki. A Kano kuwa daga ƙarshen Oktoba zuwa wajen Mayu ba a ganin ruwan sama. Ɓawon lemon da aka yar a hunturu bushewa yake yi ya ƙandare kamar ƙirgi, ya zauna yana jiran damina. Tukar rake zare ce zalla. Totuwar masara, ƙwallon mangwaro, ƙodagon goruba, ɓawon kwakwa: wanda duk ya taɓa share tsakar gida ya san waɗannan suna iya ganin damina su ga wata suna nan daram.

Sai ruwan farko ya sauka. Duk abin da aka watsar cikin wata bakwai, a titi da bakin kasuwa da ƙofar makaranta, ruwa ya tattaro shi ya kai kwata a dare ɗaya. A nan ne kowa zai iya gani da idonsa, ba sai an kawo masa hujja daga wata ƙasa ba. Ka fito ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, lokacin da ake hana zirga-zirga da safe don tsaftar muhalli, ka tsaya kan samarin unguwa suna yasar kwata. Dubi abin da shebur ke fitowa da shi. Akwai ledar fiya wata, babu musu. Amma ledar a cikin me take? Cikin wani baƙin taɓo mai kauri da ɗoyi, wanda in ka tona za ka ga tukar rake ta saƙe shi kamar yadda ramno ke riƙe ƙasar gini, ga ƙwallayen mangwaro jere kamar an dasa. Leda kaɗai ruwa yakan iya tura ta gaba. Abin da ke mayar da ita bango shi ne wannan laka ta ragowar abinci da ɓawo da yashi. Wato abin da aka ce zai ruɓe ya ruɓe ɗin, sai dai a cikin kwata ya ruɓe, ya zama simintin da ke liƙe magudanar ruwa.

'Yan kasuwar Kantin Kwari ba su manta da daminar 2022 ba, lokacin da ruwa ya shiga rumfuna ya jiƙa dilolin atamfa da shadda. An yi ta magana a kan gine-ginen da aka ɗora bisa hanyar ruwa, kuma maganar tana kan hanya. Amma magudanar da aka bari ma, in ta cika da laka har rabi, rabin ruwa za ta ɗauka. Sauran ya nemi ɗakin wani.

Na san inda wannan tunani ya samo asali, kuma a muhallinsa gaskiya ne. A ƙauye ka yar da ɓawon gyaɗa a bakin gona, babu wanda ka cuta. A Kano ta dā ma akwai tsari. Kowane gida da akuyarsa da kajinsa, ɓawon rogo da ɓawon dankali da ƙanzon tuwo duk suna da mai ci. Abin da ya rage, da toka da kashin awaki, a kai juji. In rani ya yi, manoman karkarar da ke kewaye da birni su shigo da jakuna, sun kawo itace, su koma da mangala cike da takin birni. Da wannan zagaye ne gonakin kewayen Kano suka yi shekara da shekaru ana noma su duk damina ba hutu, abin da har masana aikin gona na waje suka zo suna nazari a kai. Amma a lura da kyau: kakanninmu ba watsarwa suke yi ba. Tarawa suke yi a wuri ɗaya, su bar shi ya nuna, sannan su ɗauka su kai inda ake bukatarsa. Wannan ɗawainiyar ita ce ke mayar da shara taki. Wanda ya furzar da tuka daga cikin mota ya ari sunan taki, ya bar aikin.

Kuma garin ba na dā ba ne. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4, kuma kowa ya san yadda birnin ya bazu tun daga lokacin, ya haɗiye gonakin da a dā ke karɓar takin. Ɓawon ayaba ɗaya ba komai ba ne, haka kowa ke faɗa wa kansa. To da yayyafi kogi kan cika. A lokacin mangwaro, ka lissafa yara nawa da manya nawa ke shan guda biyu ko uku a yini, kowa ya cilla ƙwallon inda ya tsaya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu wannan magana sun san amsarta tun suna makarantar allo. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce imani rassa ne saba'in da wani abu, mafi ƙanƙanta shi ne kawar da abin cutarwa daga hanya. Bai ce abin cutarwar da ba ya ruɓewa ba. A zamaninsa ma babu leda, ƙaya ce da ƙashi da dutse. Ya kuma yi gargaɗi a kan abubuwa biyu masu jawo tsinuwa: yin bahaya a kan hanyar mutane ko a inuwar da suke hutawa. Akwai abin da ya fi bahaya saurin ruɓewa? In da ruɓewa hujja ce, da ba a hana wannan ba. Ma'aunin shi ne cutar da mai wucewa, kuma cutar tana faruwa ne tun kafin ƙasa ta cinye komai. Wata dattijuwa a layinmu ta taka ɓawon ayaba a kan dakalin siminti tana dawowa daga gidan suna, ƙugunta ya goce, ta yi watanni tana jan jiki a tsakar gida. Wanda ya yar da ɓawon bai ma san ta faɗi ba.

Ta fuskar lafiya kuwa, in za a faɗi gaskiya, abin da ke ruɓewa ya fi leda saurin kawo cuta. Ƙuda ba ya sauka kan busasshiyar leda, ruɓaɓɓen tumatir yake nema, daga nan ya tashi ya sauka kan tsiren da yaro zai ci. Ɓera ba ya zama inda babu abinci. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa, kuma duk rani sai hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta fitar da adadin waɗanda ya kashe. Duk tulin ragowar abinci a bayan katanga gayyata ce gare shi. Kwatar da ta toshe kuma ruwanta ba ya tafiya, sauro ya samu gida. In ta tumbatsa ta haɗu da masai, ruwan ya gangara rijiya. A 2021 sama da mutum 100,000 aka yi zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano na sahun gaba. Ba na cewa ɓawon rake ne ya kashe su. Ina cewa duk wanda ya taimaka wajen toshe kwata yana da hannu a hanyar da ƙazantar ke bi ta isa randar mutane.

Ga kuma babbar sallah. Kowa ya san warin da ke tashi a lunguna rana ta uku bayan layya, saboda an juye kashin tumbi da jini a kwata da sunan ai ruwa zai tafi da shi. Shi ma duk mai ruɓewa ne. A tambayi mai ɗakin da tagarsa ke kallon kwatar ko hakan ya rage masa wani abu.

Sannan wa ya ce abubuwan nan biyu a rabe suke? Mai yar da ragowar alala ko shinkafa da wake ba ya kwance ledar tukuna, ɗungurungum yake cillawa. Ƙanshin abincin ne ke sa akuya da saniya su haɗiye ledar, kuma mahauta za su gaya maka irin dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbi. Hannun da ya saba cilla ɓawo ta tagar mota ba ya tsayawa tantance abin da ke cikinsa. Yaron da ya ga babansa ya yar da ɓawon lemo ya koyi cewa titi wurin zubar da abu ne, bai koyi bambancin leda da ɓawo ba.

Yanzu kuma an fara yi mana tallar ledoji masu tambarin wai suna narkewa da kansu. A wani nazari da aka wallafa a 2019, masu bincike a Jami'ar Plymouth da ke Ingila sun binne irin waɗannan ledoji a ƙasa, bayan shekara uku suka tono wasunsu, aka zuba kayan cefane a ciki suka ɗauka ba su yage ba. Ingila ke nan mai danshi. Ina ga ƙasar da ke yin rabin shekara babu ɗigon ruwa? Tsorona shi ne ranar da waɗannan ledoji suka cika kasuwa, mutumin da ya fara sa leda a aljihu zai samu lasisin komawa gidan jiya. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Masu cewa laifin gwamnati ne tunda ba ta ajiye kwandunan shara ba, su fara gaya mana me ya sa ba sa zubar da tukar rake a tsakiyar falonsu, inda nan ma gwamnati ba ta ajiye kwando ba. Masu cewa awaki za su cinye kuma, su nuna mana akuyar da ke kiwo a kan gadar Ƙofar Nassarawa.

Ba sabon abu nake nema ba. Iyayenmu sun ga zamanin duba-gari, wanda ke shiga gida ya leƙa randa ya duba kwata, in ya ga ƙazanta a ci tara. Sun ga zamanin Buhari da Idiagbon, lokacin da yaƙi da rashin ɗa'a ya kai kan shara a 1985, ba wanda ya tsaya yi wa soja bayanin cewa abin da ya yar mai ruɓewa ne. Ba bulala nake kira a dawo da ita ba. Amma duk dokar tsafta da za a yi ko za a farfaɗo da ita, kada a rubuta ta da sunan leda kaɗai. Tarar mai yar da ɓawo a titi ta zama daidai da ta mai yar da leda, kuma masu wayar da kai a rediyo su daina raba su gida biyu.

Su kuma masu son kalmar taki, ga inda za su nuna da gaske suke. Kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa da kasuwar 'Yankaba kullum suna fitar da lalataccen kayan marmari da na gwari mota-mota, a lokacin da buhun takin zamani ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Hukumar kwashe shara ta jihar Kano, REMASAB, da shugabannin kasuwannin su ware fili a bayan gari, a riƙa kai wannan kaya daban ba tare da leda da kwalba ba, a bar shi ya nuna, manoman Kura da Gezawa da Dawakin Kudu su zo su saya. Mai rake da mai lemo da mai gasa masara kuma kowa ya ajiye buhu kusa da baronsa, kamar yadda wasu ƙalilan suke yi tun yanzu, in ya tashi da yamma ya sayar wa masu kiwo ko ya kai inda ake tarawa. A fara kafin ruwan farko na bana ya sauka.