Keken Anne da keken ƙanena

Jama'a, tun jiya labarin Anne Wafula Strike ya tsaya mini a rai, har barci ya ƙi zuwa.

Ƴar Kenya ce. Shan inna ya kama ta tana da shekara biyu da ɗoriya, mutanen ƙauyensu suka ce la'ana ce. Duk da haka ta yi karatu har ta zama malamar makaranta. Sai da ta koma Ingila da zama ta fara tseren keken guragu, a 2004 kuma ta wakilci Kenya a gasar naƙasassu ta duniya a Atina.

Amma ba tseren ne ya hana ni barci ba. A ƙarshen 2016 ta shiga jirgin ƙasa a Ingila, tafiyar awa uku, makewayin naƙasassu ya lalace, fitsari ya kufce mata a zaune kan kujera. Da ni ne, wallahi da na binne zancen har kabari. Ita ta fito ta faɗa wa ƴan jarida da bakinta, don kada a sake yi wa wani. A wurina wannan ya fi kowace lambar yabo nauyi.

Ina da ƙane, shi ma shan inna ne. Kullum daga Talladje yake tuƙa kekensa mai ƙafa uku da hannu har Babbar Kasuwa, inda yake gyaran salula. In taya ta nutse cikin rairayi sai ka ga jijiyoyin damtsensa sun miƙe, tafin hannunsa kuwa duk kanta, ya yi tauri kamar ƙirgi. Bara na raka shi wata ma'aikata a nan Yamai karɓar takarda. Matakala bakwai, babu gangaren hawa da keke. Kafin ma mu yi sallama mai gadi ya ce masa: "Malam, Allah ya ba da haƙuri, yau ba Juma'a ba ce." Mutumin da ke ciyar da gida da guminsa! Ni na goya shi muka hau, yana ta cewa, "Yaya, bari kawai," kuma har muka koma gida bai ƙara furta komai ba.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008. To ina amfanin baɗi ba rai, in buhun siminti kaɗan a bakin ƙofa ya gagare mu? Mun iya miƙa dala biyar ta tagar mota, a yi mana addu'a mu wuce. Gangare a ƙofar masallacin unguwa, ko a lakkwal, wa ya taɓa tada maganar?

Na nuna wa ƙanena hoton Anne a kan keken tsere. Ya daɗe yana kallon tayoyin, sannan ya tambaye ni ko ana barin irinsu su shiga filin wasa na Seyni Kountché. Ran Asabar, in Allah ya kai mu, za mu je mu tambaya.