Wai ni ce na zama likita

Waɗanda suka je sunan Aboabo ranar Asabar sun san da wa nake, ba sai na kama suna ba. Don kawai na karɓe kwalbar lemo ta uku daga hannun ɗana, shi ne aka ɗaga murya a tsakar mata: "Ku bar ta, Hajiya ta zama likita!" Madalla. Na gode da digirin da aka ba ni kyauta.

Anti, kunyar abincinmu kuke ji, shi ke nan. Yaro ya tafi makaranta da koko da ƙosai, ku ce iyayensa ba su da shi. Ya tafi da biskit da lemon kwali da soseji, ku ce ɗan gidan wayayyu. Wake da shinkafan da Gana gaba ɗaya take bin layi a kansa, har sunan waakye daga bakinmu ya fito. Kokon ma da sunanmu ake sayar da shi daga kasuwar Kejetia ta Kumasi har Ankara, babban birnin Gana. Bare yana yaba tuwon zafi da miyar ayoyo, mu masu shi muna ɓoye shi kamar abin sata. Kunya ce.

Za a ce babu lokaci. Lokacin da ake samu a zauna awa uku a kan TikTok fa? Wake ai da dare ake jiƙa shi, ba gadinsa ake yi ba. Za a ce tsada. Ki lissafa sidin da kike kashewa a kan taliyar leda da lemo a mako, ki zo mu yi magana.

Ƙaramin gwangwanin lemo ɗaya yana ɗauke da suga wajen cokalin shayi 8. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a yini, mu kuwa tukunya ɗaya magi huɗu, ga garin cikin taliyar, ga gishiri a kai, daddawa tana kwance a kwano ba mai kallonta. Ko gwamnati a 2023 sai da ta ɗora wa kayan sha masu suga haraji, ita ma likita ta zama ke nan?

Wallahi ba fariya nake yi ba. Ni na yi jinyar mahaifiyata, ciwon suga da hawan jini, na san yadda ƙafa take kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ni ma ina dafa taliyar nan ranar da gajiya ta kayar da ni. Sau ɗaya a mako, da ƙwai da kabeji, rabin garin na zubar. Sobolo nake haɗa wa yarana da citta, sugan da hannuna nake aunawa. Sun yi kuka mako biyu, suka haƙura.

Af, kuma wadda ta tafi da kulata mai shuɗin murfi daga wurin sunan nan, don Allah a aiko min da ita. Da sunana a ƙasanta, da jan fenti.