Kafin a saki mai kisan kai, ya nuna inda gawa take

Ranar 9 ga Fabrairun 1988, wata budurwa mai shekara 22, Helen McCourt, ta sauka daga bas a garin Billinge na ƙasar Ingila, saura ƙiris ta isa gida. Ba a sake ganinta ba. A 1989 kotu ta samu Ian Simms, mai wata mashaya da ke kan hanyarta, da laifin kashe ta, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Mahaifiyarta, Marie, ta shafe fiye da shekara 30 tana bin gonaki da kududdufai da tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai, ko Allah zai sa ta samu ƙashi ɗaya ta binne. A 2020 aka yi wa Simms sakin talala, wato aka sake shi bisa sharuɗɗa. A 2022 ya mutu bai faɗi inda gawar take ba.

Duk wanda ya ji wannan labari zai ce a rufe ƙofar baki ɗaya, wanda ya kashe ya ruɓe a kurkuku. Na fahimci wannan zafin, amma ban yarda ba. Sunan laifin ɗaya ne, masu aikata shi ne ba ɗaya ba. Akwai yaron da ya daɓa wa abokinsa wuƙa cikin faɗan minti biyu yana ɗan shekara 19, akwai matar da ta gaji da dukan shekara da shekaru, akwai kuma wanda ya zauna ya tsara kisa kamar yadda ake tsara kasuwanci. Kotun tsarin mulkin Jamus ta yanke tun 1977 cewa dole mai ɗaurin rai da rai ya kasance yana da wata hanya ta fita, shi ya sa a can ake duba batunsa bayan shekara 15. Kotun Turai ta kare haƙƙin ɗan'adam ta bi sahu a 2013. Ko gandirobobi ma sun san fursunan da ba ya sa ran komai shi ne mafi wuyar riƙo.

Kuma damar neman saki daban, sakin daban. Anders Breivik, wanda ya hallaka mutum 77 a Norway a 2011, ya nemi a sake shi a 2022, ya shiga zauren shari'a yana ɗaga hannu irin na ƴan Nazi, aka mayar da shi inda ya fito. Ya sake nema a 2024, aka sake hana shi. A Ingila kuwa mai ɗaurin rai da rai da aka sallama yana ƙarƙashin sharuɗɗa har ya koma ga Mahaliccinsa, in ya karya ɗaya a tisa ƙeyarsa zuwa gidan yari.

Inda nake da ja shi ne abin da hukumomin sakin talala suke aunawa. Tambayarsu kusan guda ce: in an sake shi, zai cutar da wani? Tsoho mai shekara 60 da ɗoriya, gwiwa ta tafi, da wuya ya sake kisa. To amma mutumin da ya san inda ya jefa gawar ƴar mutane, ya kuma ƙi faɗa, laifinsa bai ƙare ba. Kullum safiya yana sake aikata shi a kan uwar da ba ta da kabarin da za ta ziyarta. Ta yaya za a ce ya tuba? Shari'ar Musulunci ta daɗe da gane cewa jini yana da masu shi, shi ya sa ta bai wa dangin mamaci zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da yafiya. Ba sai ƙasa ta ɗauki wannan tsari ba kafin ta yarda cewa dangi ba ƴan kallo ba ne.

Fafutukar Marie ta haifar da dokar da ake kira da sunan Helen, wadda aka amince da ita a 2020. Sai dai dokar ta tsaya rabin hanya: ta wajabta wa hukumar ta yi la'akari da ɓoye gawa, ba ta hana saki ba. Jihar Queensland ta Ostireliya ta fi ƙarfin hali a 2017, inda ta ce wanda bai ba da haɗin kai wajen gano gawa ba, babu saki. Nan ne ya kamata a tsaya.

Akwai hujja mai nauyi a ɗaya ɓangaren, kuma ba zan raina ta ba. Wanda aka ɗaure bisa kuskure ba shi da gawar da zai nuna, Simms ma har ya mutu yana cewa ba shi ba ne. Amma maganin hukuncin kuskure shi ne ɗaukaka ƙara da sake binciken hujjoji, kuma wajibi ne gwamnati ta buɗe wannan hanya sosai, ta biya kuɗin lauya da gwajin ƙwayoyin halitta. Hukumar sakin talala ba kotun ɗaukaka ƙara ba ce. Tana zama ne a kan cewa laifin ya tabbata, kuma in ya tabbata, mutumin da ke gabanta ya san wurin da Marie ta yi shekara 30 tana nema.