Shekara 22 Ana Jiran Gayyata, Aka Sallame Su Da Wasa Ɗaya

Tun da Zimbabwe ta je Nottingham a watan Mayun 2025 ta sha kashi a hannun Ingila, wata magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a bakin masu sharhin kurket, wai irin wannan ziyara ɓata lokaci ce. Duk mai son a raba wasan Tes, wato kurket na kwana biyar tsakanin ƙasashe, gida biyu, manya a sama ƙanana a ƙasa, sai ya ɗauko sakamakon filin Trent Bridge na Nottingham ya kafa hujja da shi. Ingila ta tara maki 498 a ranar farko kaɗai, ta kai 565 ta ce ya ishe ta, ta gama da baƙinta a rana ta uku da ratar zubi guda da maki 45, wato Zimbabwe ta yi bugu zagaye biyu ba ta kamo abin da Ingila ta tara a zagaye ɗaya ba. Daga nan sai su ce magana ta ƙare, waɗannan ba tsaran juna ba ne.

Ni kuwa a nan maganar ta fara. Rabon Zimbabwe da wasan Tes a Ingila tun 2003. A waccan ziyarar ne wani saurayi mai jifa ɗan Ingila, James Anderson, ya buga Tes ɗinsa na farko a filin Lord's. Anderson ya yi zamaninsa, ya fitar da masu bugu 704, ya yi ritaya a 2024, duk ba a sake kiran Zimbabwe ba. Brian Bennett, yaron da ya tsaya a Trent Bridge ya zuba wa Ingila maki 139, ba a ma haife shi ba sa'ad da aka yi waccan ziyarar, sai a watan Nuwamban shekarar ya zo duniya. Bai taɓa buga Tes a ƙasar Ingila ba, inda ƙwallo ke karkacewa a iska in gari ya yi lumshi, amma ya kai maki 100 cikin jifa 97, abin da babu ɗan Zimbabwe da ya taɓa yi da wannan saurin. 'Yan ƙasarsa mazauna Birtaniya suka cika wani ɓangare na filin da tutoci da waƙa har aka tashi. Masu cewa ɓata lokaci ne ba sa kawo wannan a lissafi.

Za a ce ai siyasar Mugabe ce ta raba su. Mugabe ya sauka tun 2017, kusan shekara takwas kafin a buga wannan wasa.

Kuma wace irin gayyata? Wasa ɗaya tal, shi ma an gutsure shi zuwa kwana huɗu maimakon biyar, aka cusa shi a watan Mayu don 'yan wasan Ingila su motsa jini kafin Indiya ta iso a buga wasa biyar. Ƙungiyar da aka ba ta wasa ɗaya, in ta yi kuskure ranar farko shi ke nan, babu wasa na biyu da za ta gyara. Masu jifan Zimbabwe sun ɓata ranar farko, kowa ya gani. Da akwai wasa na biyu da na uku, da mun ga ko sun koyi inda ake sauke ƙwallo a irin wannan ƙasa. Ba a ba su ba, sannan aka yanke musu hukunci da abin da aka gani a kwana uku.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gajeren tunanin masu wannan hukunci, domin tarihin wasan da suke tinƙaho da shi ya ƙaryata su. New Zealand ta fara Tes a 1930, ba ta ci wasa ko ɗaya ba sai 1956, a karo na 45. Shekara guda kafin nan Ingila ta fitar da su kaf da maki 26 a Auckland, wanda har yau ba a yi ƙasa da shi ba. Maƙwabciyarsu Ostireliya ta buga da su sau ɗaya a 1946, ta raina su, ba ta sake waiwayarsu ba sai 1973. Wannan New Zealand ɗin ce ta ɗauki kofin gasar Tes ta duniya na farko a 2021, ita ce kuma ta bi Indiya har gida a 2024 ta cinye ta uku ba ko ɗaya. Ita kanta Indiya, mai riƙe da lalitar wasan a yau, ta fara a 1932, nasararta ta farko sai 1952 a Madras. Da an yi musu irin hukuncin da ake yi wa Zimbabwe da Ireland da Afganistan yanzu, da wa za a buga wasa biyar-biyar ɗin?

Sri Lanka ma wasa ɗaya-ɗaya Ingila ta riƙa ba ta, a 1984 da 1988 da 1991, har ma bayan ta ɗauki kofin duniya a 1996. Sai da ɗan wasanta Muttiah Muralitharan ya fitar da mutum 16 a filin Oval a 1998, aka doke Ingila a gidanta, sannan aka ga ya dace a ba su wasa uku.

In kuma shan kashi mummuna ne ke hana a gayyaci ƙasa, to a Trent Bridge ɗin nan aka fitar da Ostireliya kaf da maki 60 a 2015, tun kafin a tafi cin abincin rana. An fitar da Indiya da 36 a Adelaide a 2020. Ireland ta fitar da Ingila da 85 a Lord's a 2019. Ban ji wanda ya ce a daina gayyatarsu ba. In babba ya faɗi, ranar ce ba tasa ba. In ƙarami ya faɗi, wai wasan ne ba nasa ba.

Gaskiyar al'amari, ba darajar wasa ake karewa ba, kuɗin talabijin ne. A al'adar kurket mai masaukin baƙi ke kwashe duk abin da aka samu, na kafofin yaɗa wasa da na tikiti, baƙo kuwa ya buga ya koma gida hannu rabbana, da fatan wata rana za a rama masa ziyara shi ma ya samu. Tsakanin Indiya da Ingila da Ostireliya wannan tsari na tafiya daidai, yau a gidan wannan gobe a gidan wancan. Ga ƙaramar ƙasa kuwa, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi, don ramuwar ziyarar ba ta zuwa. Shi ya sa da hukumar kurket ta Ingila ta ce za ta biya Zimbabwe kuɗin zuwa, aka yi ta tafi kamar an ga waliyyi. Abu ne mai kyau, ban musa ba. Amma a ce sai a 2025 aka tuna cewa baƙon da ya zo ya cika maka fili ya cancanci wani abu, wannan abin kunya ne, ba na yabo ba.

A duba rabon kuɗin hukumar kurket ta duniya, ICC, na 2024 zuwa 2027. Daga kusan dala miliyan 600 a shekara, Indiya ita kaɗai na ɗaukar kashi 38.5 cikin 100. Ingila da Ostireliya kowacce na samun sama da kashi 6. Zimbabwe ba ta kai kashi 3 ba. Ƙasashe sama da 90 da ba su da cikakkiyar kujera, irin su Nepal da Holan da Namibiya da Uganda, su duka suna raba kusan kashi 11. Masu kare wannan rabo suna cewa ai Indiya ce ke kawo kuɗin. To ita kaɗai take bugawa a gasar?

Sakamakon yana nan a fili. Ireland ta samu matsayin Tes a 2017 tare da Afganistan, amma ba ta da filin dindindin, duk wasan da za ta karɓa sai ta kafa kujeru na wucin gadi ta kwashe. Ta ɗage zuwan Ostireliya a 2024, ta soke zuwan Afganistan a 2025, duk saboda rashin kuɗi. Afganistan ba ta karɓar baƙi a gidanta, aro take yi, kuma a Satumban 2024 wasanta da New Zealand a Greater Noida ta Indiya ya watse ba a jefa ƙwallo ko ɗaya ba, filin ya jiƙe ya ƙi bushewa kwana biyar. Su biyun da Zimbabwe an bar su a wajen gasar Tes ta duniya mai ƙasashe tara, wato babu wata doka da ta tilasta wa kowa ya buga da su. Sunan cikakken mamba ne kawai.

Labarin Bangladesh ya fi duka tona asiri. A Agustan 2017 ta doke Ostireliya a Tes a Mirpur da maki 20. Shekara na zagayowa, Ostireliya ta soke ziyarar da Bangladesh za ta kai mata, dalilinta wai ba riba. Ba a ce ba su iya ba, don ba a daɗe da shan kashi a hannunsu ba. Bayan ziyarar 2003, fiye da shekara 20 suka wuce Bangladesh ba ta sake taka Ostireliya don wasan Tes ba. Duk mai cewa ƙaramar ƙasa ta fara nuna bajinta sannan a gayyace ta, ya bayyana mana wannan.

Bajintar ma an nuna ta har an gaji. Kenya ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar kofin duniya ta 2003, manya suka ɗauke kai, rigingimun hukumarta suka ƙarasa ta, a 2014 ta rasa matsayinta na buga manyan wasannin yini ɗaya na ƙasa da ƙasa. A 2007 Ireland ta fitar da Pakistan, Bangladesh ta doke Indiya, masu talla suka yi asara, kuma a hankali aka matse gasar har ta koma ƙasashe goma a 2019 da 2023. Holan ta samu tsari ɗaya da ya tilasta wa Ingila da Pakistan da West Indies su je gidanta a 2022, wato gasar share fage ta ƙasashe 13. Ingila ta zuba mata maki 498 a Amstelveen, an yi dariya. Shekara guda bayan nan Holan ta doke Afirka ta Kudu a gasar kofin duniya a Dharamsala. Amma tsarin bai ɗore ba, an soke shi gaba ɗaya. A Satumban 2025 Nepal ta doke West Indies biyu da ɗaya a jerin wasannin T20, wato gajeren kurket na 'yan sa'o'i, a Sharjah, a Oktoba Namibiya ta doke Afirka ta Kudu a Windhoek. Nan take aka ce ai ba manyan 'yan wasa aka tura ba, kamar Nepal ce ta zaɓa musu waɗanda za su zo.

Akwai kuma wata asara da ba ta fitowa a allon maki. Yaron da ya ga ƙasarsa ba ta samun wasa, gaba yake yi. Eoin Morgan, wanda ya ɗaga wa Ingila kofin duniya a 2019, ɗan Dublin ne, Ireland ya fara yi wa wasa. Marigayi Kevin Curran Zimbabwe ya buga wa, amma 'ya'yansa biyu, Tom da Sam, rigar Ingila suka saka, na ukun ne, Ben, ya fito wa Zimbabwe a Trent Bridge. A kwashe maka 'yan wasa, a hana ka wasanni, sannan a tambaye ka me ya sa ba ka da ƙarfi.

Na san Zimbabwe ta ci gaba da shan kashi bayan Nottingham, har New Zealand ta yi mata ratar zubi guda da maki 359 a Bulawayo, kuma na san hukumarta ba ta da tarihin riƙon amana, ICC ma ta dakatar da ita a 2019. Wannan dalili ne na sa ido kan yadda ake kashe kuɗi, ba na rufe ƙofa ba. Ƙungiyar nan ce dai ta je Sylhet wata guda kafin Nottingham ta doke Bangladesh a gidanta.

Gyaran ba wani abin kai ruwa rana ba ne. Kuɗin zuwa ya zama doka a kan duk mai masauki, ba kyautar da ake sanarwa a rediyo ba. A daina ziyarar wasa ɗaya, in an kira mutum a ba shi aƙalla biyu. Manyan nan uku kowacce ta karɓi ƙaramar ƙasa kuma ta kai mata ziyara a kowane zango, ko da za a rage wasa ɗaya daga biyar-biyar ɗin da suke yi wa juna. Yadda za a tsara jadawalin aikin waɗanda ake biya albashi ne a hedikwatar ICC da ke Dubai.

Ita kuwa shawarar raba Tes gida biyu, wadda ICC ta kafa wa kwamiti a taronta na Singapore a Yulin 2025, ko ta rayu ko ta mutu a kan tebur, mun riga mun ji abin da ke zuciyar masu ita. Da aka tambayi shugaban hukumar kurket ta Ingila, Richard Thompson, damuwar da ya bayyana ita ce kada wata rana Ingila ta yi rauni ta faɗa rukuni na biyu, ta rasa wasa da Ostireliya da Indiya, ya ce hakan ba zai yiwu ba. Ashe sun san abin da zaman rukuni na biyu ke yi wa ƙasa. Wasu suke so su zauna a can.