Ga Wanda Ƙungiyarsa Ta Yi Tuntuɓe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Maganata yau da ku ce, 'yan'uwa matasa da kuka kafa ƙungiyar taimakon marayu ko gidauniyar ciyarwa, sannan tafiya ta tsaya muku a tsakiya. An fara da zumuɗi, an yi rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, an ɗauki nauyin karatun marayu birjik a zangon farko. Zango na biyu ya zo, asusu wayam. Masu alkawarin kuɗin wata-wata sun daina ɗaga waya, zauren WhatsApp ya yi tsit. Yaron da aka ɗinka wa sababbin kayan makaranta ya dawo gida da hantsi, jaka a hannu, an koro shi saboda kuɗin makaranta. Mahaifiyarsa ta aiko a ji ba'asi, shugaba ya rasa ta cewa.

A wannan gaɓar wani sai ya ce ƙaddara ce, ya naɗe tabarmarsa. Wani kuma ya hau zargin abokan tafiya har zumunci ya lalace. Ku zo mu duba yaƙin Uhudu.

A shekara ta 3 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya so a tsaya cikin Madina a tari Ƙuraishawa, amma da yawa daga sahabbai, musamman matasa, suka fi son a fita, ya bi shawararsu. Aka fita da mutum 1,000, a hanya Abdullahi bin Ubayyu ya janye da 300. Annabi (SAW) ya ajiye maharba 50 a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi bin Jubairu, ya ce kada su sauko ko an yi nasara ko ba a yi ba. Da suka hango ganima, mafi yawansu suka sauko, Khalid bin Walid, wanda a lokacin yana ɓangaren Ƙuraishawa, ya zagayo ta baya. Kimanin sahabbai 70 suka yi shahada, ciki har da Sayyidina Hamza da Mus'ab bin Umair, shi kansa Annabi (SAW) aka ji masa rauni a fuska.

Alƙur'ani bai rufa-rufa ba. A Suratu Ali Imrana aya ta 152 ya faɗi inda aka kuskure: rauni, jayayya, da saɓa umarni. A aya ta 165, da aka tambaya daga ina wannan ya zo, amsa ta ce daga wajenku ne. To ɗan'uwa, kai ma ka tara mutanenka, ku buɗe littafin kuɗi shafi-shafi. Shin kun ɗauki yara fiye da ƙarfinku ne? Kun gina kasafi a kan alkawarin baki? Kuɗin jama'a na shiga asusun mutum ɗaya ba rasit? Ku kira kuskuren da sunansa, domin Annabi (SAW) ya ce ba a saran mumini sau biyu daga rami ɗaya.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne aya ta 159. Bayan duk wannan asara, Allah Ya ce wa AnnabinSa da ya kasance mai kaushi, mai ƙeƙasasshiyar zuciya, da sun watse daga gare shi. Sai Ya umarce shi ya yafe musu, ya nema musu gafara, kuma ya yi shawara da su. Subhanallah! Bin shawara ne ya fitar da su Uhudu, amma ba a ce a daina shawara ba. Mu kuwa da zarar abu ya ɓaci, sai shugaba ya ce daga yau shi kaɗai zai riƙa yanke hukunci. Wallahi wannan ya fi rashin kuɗi saurin kashe ƙungiya. Wanda ya ci amanar dukiyar marayu a karɓe asusu daga hannunsa, wannan wajibi ne. Amma wanda ya yi kuskure da kyakkyawar niyya, a riƙe shi.

Haƙurin nan kuma ba zaman jira ba ne. Washegarin Uhudu, da raunukansu Annabi (SAW) da sahabbai suka fita bin sawun Ƙuraishawa har zuwa wani wuri da ake kira Hamra'ul Asad. A zamaninmu kuma, Abdul Sattar Edhi, shahararren mai taimakon jama'a na ƙasar Pakistan, ya fara da ɗan ɗakin shan magani a Karachi a 1951, motar ɗaukar marasa lafiya ta farko tsohuwa ce, shi yake tuƙa ta da kansa. Kafin rasuwarsa a 2016, motocin gidauniyarsa sun karaɗe Pakistan.

Saboda haka idan ƙarfinku na yara biyar ne, ku tsaya a biyar ku kai su har su gama, ai aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne. Sauran iyayen kuma kada a yi musu ɓuya. Ku taka har gida, ku zauna, ku faɗa musu gaskiyar halin da ake ciki tun kafin a koma makaranta, don su san inda za su nufa.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa mu sauke amanar marayu lafiya.