Ɗaure shokabzoba ba shi ne ƙarfin babur ɗin yaro ba

Iyaye da yawa a Zariya, in sun saya wa yaro ƙaramin babur mai ƙafa huɗu, sai su ce wa makanike ya ɗaure shokabzoba tamau, wai don ya jure hanyoyin gona irin na wajen Kufena. Wannan kuskure ne.

Zoben da makanike ke ɗaurewa a gindin sifirin shokabzoba ba ya ƙara wa sifirin tauri, tsayin zaman babur kawai yake canzawa. Ana so in yaro ya hau, shokabzoba ta nutse kamar kashi ɗaya cikin uku na iyakar tafiyarta, don in taya ta faɗa rami ta samu sararin miƙewa ta taɓa ƙasa. Yaro mai kilo 25 ba zai iya danna sifirin da aka matse ba. Babur sai ya riƙa tsalle a kan burji, sitiyari na fizge masa hannu. Ga shi ya ƙara tsayi, kifewa a kwana ta zo da sauƙi.

Sai kuma iskar taya. Masu faci sun saba da Jincheng, su ɗura har taya ta yi tauri, alhali tayoyin babur mai ƙafa huɗu iska kaɗan suke so. A bi adadin da kamfani ya rubuta a jikin babur ɗin.