Ɓeraye dai sun sha, saura mu

To madalla, na karanta labarin nan na masu bincike da ke ba ɓeraye ruwan tsirrai a labo don su ga ko shina rage gajiya. Wai a tsoma ɓera cikin ruwa shi yi ta iyo har shi gaji, a ƙirga minti nawa ya jure, sannan a auna jininshi da hantarshi a gwada da na waɗanda ba su sha ba. Wallahi sai da na ji tausayin ɓeran, ni da ke ɗana musu tarko a rumbu!

Amma malamai, ɓera fa ba mutun ba ne, giram 30 ma da ƙyar yake kaiwa, ya za a kamanta shi da ƙato mai dakon buhun gero a babbar kasuwar Maradi tun asuba har rana ta take? Tsorona gobe masu tallan magani a lasifika su ce likitoci sun tabbatar.

Duk da haka a ci gaba da aikin, ga zogale nan jibge a Jiratawa kusa da Maradi, jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi ta gwada mana shi, ko samarinmu 'yan kabu-kabu sa rabu da tramol ɗin nan da suke haɗiya da shayi.